Koyon ɗaukar hoto a Sakkwato: daga Kara zuwa rumfar baduku

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Kyamara ta zo hannu. Canon 600D ce, ta hannu, daga wurin wani mai ɗaukar hoton biki da ya sayi sabuwa. Tsohuwar ƙira ce, tun 2011 aka fito da irinta, amma megafiksel 18 gare ta, kuma wannan ya ishi mai son wanke hoto ya rataya a bango. Da gilashinta mai zuƙowa na 18–55 da batir ɗaya da caja, mun daidaita a kan naira 280,000, kuɗin adashen wurin aiki da na kwasa a ƙarshen Oktoba. Na biya kasuwa na sayi memori mai 64GB a kan naira 6,500.

Kawuna baduku ne, kakana na wajen uwa ma haka, amma duk gidan babu hoton ɗayansu yana kan aiki. Na fasfo ne kawai da na ranar sallah, mutum ya ƙame cikin babbar riga. Fatar jar akuyar ƙasar nan ta daɗe tana ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don ta can take isa gare su, amma hannuwan da ke gyara ta ba wanda ya damu ya ajiye kamanninsu. Niyyata in bi fata tun daga Kara inda ake cinikin dabba, zuwa majema, zuwa rumfar da ake ɗinka ta.

Talata, 12 ga Nuwamba

Dogon yaron ƙofar gida, buta, kajin maƙwabta, duk na ɗauke su a kan oto, inda kyamara ke saita komai da kanta. Kawu ya auna kyamarar da zare, ya ce zai ɗinka mata jaka mai marfi tun ƙura ba ta sauko ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na yini a shagon Baba mai hoto na unguwarmu, wanda ya fara sana'ar tun zamanin fim. Yana karɓar kyamarar ya murɗa ta daga oto zuwa M, inda mai ɗauka ke saita komai da hannunsa, ya ce: "Ɗana, in ka bar ta nan, ita ta ɗauki hoto, ba kai ba."

Abu uku ya sa ni na rubuta a takarda. Na farko ƙofar haske da ke cikin gilashi, wadda ake auna ta da f: ƙaramar lamba babbar ƙofa ce, kuma daga 4 zuwa 5.6 zuwa 8 zuwa 11 zuwa 16, kowane taki yana rage rabin hasken da ke shiga. Na biyu saurin ƙiftawa, wato tsawon lokacin da haske zai samu ya shiga. 1/500 na tsayar da mai gudu cak, 1/30 kuwa ko rawar hannunka za ta fito a hoto. Na uku ISO, wanda ɗaga shi ke haskaka wuri mai duhu, amma ya zuba wa hoto tsaki-tsaki. Duk wanda ka taɓa, sai ka biya a ɗaya daga sauran biyun.

Sai ya fitar da ni tsakiyar titi da rana tsaka ya ce in saka f/16, 1/100, ISO 100, in ɗauki bangon da ke gabanmu ba tare da na dubi ma'aunin kyamara ba. Ya fito daidai. Ya ce da wannan lissafi suka ci abinci shekara da shekaru, sauran kuma ido ne, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Fim ɗinsu hoto 36 yake ci, don haka ba a latsawa sai an tabbata. Ya ce in riƙa fita da wannan tunani ko da memori zai ɗauki dubu.

Bai karɓi ko kwabo ba. Na kai masa goro.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Kara, tun da hantsi. Raƙuma, shanu, tumaki, da jajayen awakin da na zo dominsu. Wahala biyu na gamu da ita.

Ta farko haske. Dillali cikin farar riga, sama fari fat a bayansa: ma'aunin kyamara yana ɗaukar duk abin da ya gani yana neman mayar da shi tsaka-tsaki, to in fari ya yi yawa sai ya rage haske, rigar ta koma toka-toka, fuskar mutum ta dushe har ba ka ganin idonsa. In na ƙara haske don fuska, aikin wuyan riga ya ɓace. Na tsaya kan wani ragon uda, rabinsa baƙi rabinsa fari, na yi ta gwaji a kansa don shi ba ya gajiya da ni. Abin da ya fi ba da sakamako: Av (ni in zaɓi ƙofar haske, kyamara ta zaɓi saurin ƙiftawa), f/8, a ƙara haske taki ɗaya, sannan in zagaya har rana ta koma gefen mutum. In akwai inuwar rumfa, ta fi komai. Na kuma koma ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta gyara ba, wanda kowane hoto ke cin wajen 25MB amma yake barin a ceto inuwa da fari a wurin gyara.

Ba na son abin da wayoyi ke yi yanzu na wanke fuskar mutum har ya koma wani daban. Baƙin mutum yana da launuka a fuskarsa, akwai ja, akwai ƙyalli a goshi da kunci, kuma aikin mai hoto ne ya fito da su yadda Allah ya yi su.

Ta biyu mutane. Ina saita wani garke sai wani dattijo ya tare gabana: "Kai, wa yat turo ka? Mi za ka yi da hoton dukiyar mutane?" Ya zaci ko ma'aikacin haraji ne ni, ko ɗan jarida. Kuma yana da gaskiya ya tambaya, a zamanin da satar shanu ta addabi jama'a ba wanda zai so baƙo yana ƙirga masa dabbobi da na'ura. Na gaishe shi, na faɗi gidanmu da sunan Kawu, na nuna masa abin da na ɗauka. Ya sauko, amma ya ce ban da shi da shanunsa. Na goge biyun da suka shiga a gabansa.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Jaka ta fito, jar fata da baƙin baki. Na saka Darktable, manhajar gyaran hoto, a kwamfuta, kyauta ne, kuma yana buɗe RAW.

Asabar, 7 ga Disamba

Kawu ya kai ni majema da kansa, ya kuma ce in bar kyamara a gida yau. Ya gabatar da ni ga babbansu, wanda suka shekara fiye da talatin suna ciniki. Na zauna kan wani kututture ina kallo har azahar.

Warin wurin sai wanda ya je. Ana jiƙa ɗanyar fata a ruwan toka har gashi ya saki, a ɗora ta kan icce a kankare da wuƙa mai mariƙi biyu, a wanke, sannan ta shiga ruwan bagaruwa da aka daka, wanda shi ne ke mayar da ita jemammiya ta daina ruɓewa. Daga nan a sake kankare bayanta, a shafe ta da mai, a murza, a shanya. Jan launin nan da aka san Sakkwato da shi daga karan dafi yake fitowa. Na sha jin waɗannan a bakin Kawu tun ina yaro, amma sai yau na ga yadda mai kankara ke jingina cikinsa da iccen yana tura wuƙa da dukan nauyinsa, da yadda bagaruwa ta rine musu hannu har gwiwa.

Zaman ya nuna mini inda rana ke faɗowa. Wajen ƙarfe takwas tana shigowa ta gefe tana bi ta cikin fatun da aka shanya, su yi ja kamar garwashi. Kafin sha ɗaya ta hau kai, komai ya baje.

Babbansu ya ce in zo mako mai zuwa. Sharaɗinsa: wanda ya ce ba ya so a bar shi, kuma kada a sa hoton kowa a waya duniya ta gani sai an tambaye shi. Biyu daga cikinsu sun ce ba su yarda da hoto ba saboda abin da suka ji daga malamansu. Malamai sun saɓa a kan hoton kyamara, kuma ban zo don in yi wa kowa gardama ba.

Lahadi, 15 ga Disamba

Zuciyata ba daɗi.

Jiya na isa majema kafin bakwai, rana ba ta gama fitowa ba. Komai ya zo yadda nake fata. Wani saurayi ya ɗaga fata daga ruwa yana yarfe ta, na sa 1/1000, ɗigon ruwa ya tsaya a iska. Babbansu da kansa ya zauna yana murza fata a gwiwa, ya manta da ni. Ina dubawa a bayan kyamara bayan kowace latsawa ina ganinsu.

Da dare na sa memori a kwamfuta. Hotunan gida da na Kara suna nan lafiya. Na majema kuwa ga sunayensu a jere, ga girmansu a rubuce, amma ba wanda ke buɗewa sai 'yan na farko. Na mayar da shi cikin kyamara, ita ma ta ce ba za ta iya nuna su ba. Na kwana ina gwada PhotoRec, manhajar da ke tono abin da aka goge, ba ta fito da komai ba sai tsofaffin.

Da safe wani abokin aikina mai gyaran kwamfuta ya kwashe abin da ya rage, ya gwada memorin da H2testw, wadda ke cika shi da bayanai sannan ta karanta ta ga nawa ne suka zauna da gaske. 64GB aka rubuta a jikinsa, abin da ke ciki bai wuce 8GB ba. Jabu ne. Ana sauya masa lissafi ne ya riƙa faɗin girman da ba shi da shi, don haka yana aiki lafiya har ya cika ainihin cikinsa, daga nan duk abin da aka zuba masa ba ya zama ko'ina. Shi ya sa babu abin tonowa: hotunan ba su taɓa sauka ba. Na koma wurin mai shagon, ya rantse shi ma haka aka kawo masa a kwali, ya ce zai canja mini da wani irinsa. Na bar masa.

Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne. Mutanen nan sun ba ni safiyarsu, sun jure ina shawagi a tsakaninsu, kuma na yi musu alkawarin hoto.

Laraba, 18 ga Disamba

Sabon memori mai 32GB, naira 11,000, an gwada shi kaf a gabana kafin ya shiga kyamara. Zai ɗauki RAW sama da dubu. Na je majema bayan aiki na faɗa musu abin da ya faru. Babbansu ya ce: "Ba komi, Malam. Hwata na nan, mu ma muna nan. Ka dawo randa kas shirya."

Asabar, 28 ga Disamba

Hazo ya rufe gari tun farkon mako. Na hau kabu-kabu zuwa gadar Kwalkwalawa, kan hanyar jami'a, don in huta da tunanin majema in gwada fili. Gulbin Rima ya ja baya, masu noman fadama suna ban ruwan albasa, wani masunci na tura kwalekwale da gora.

Na zaci hazo zai ɓata hoto, sai na tarar yana da nasa amfani. Rana ta zama farin faifai da ido ke iya kallo, inuwa mai kaifi ta ɓace, fuska na fitowa da laushi ko da hantsi ya yi. Abu na kusa yana da launi, na tsakiya ya kode, na nesa ya narke, sai hoton ya yi zurfi. Abin da yake ci shi ne kaifin nesa, kuma yana jawo launi zuwa rawaya, sai an gyara.

A gida na ga baƙaƙen ɗigo guda shida a sararin sama, wuri ɗaya a kowane hoton da na ɗauka da f/16. Na goge gilashi, suna nan. Baba ya duba ya ce ƙura ce ta sauka kan sensa, wato farantin da hoto ke sauka a kai a cikin kyamara. Ba ta cika nunawa in ƙofa a buɗe take sosai, sai an tsuke ta. Wannan gilashin yana shiga yana fita in ana zuƙo abu, yana shaƙar iska, ga shi kuma ko ya aka cire shi ƙura ta samu hanya. Girgizar da kyamara ke yi wa sensa in an kunna ta ba ta isa hunturun Sakkwato ba.

Laraba, 1 ga Janairu, 2025

Famfon roba mai hura iska da ƙyallen goge gilashi, naira 5,500. Batir na biyu, 14,000, don wuta ba ta tsayawa kuma ɗaya ba ya kai yini in ana yawan duba allo.

Mun rufe ɗaki, muka yayyafa ruwa a ƙasa, muka jira ƙura ta kwanta. Da cikakken batir aka ɗage madubin ciki, aka kifa kyamara, aka hura. Baba ya hana a sa baki ko auduga. Ɗigon da ke saman hoto a ƙasan sensa yake, don a juye hoto ke sauka. Biyar sun tafi, ɗaya ya maƙale a kusurwa, zan riƙa share shi a kwamfuta har damina.

Asabar, 11 ga Janairu

Rumfar Kawu. Yana ɗinkin gafaka, yaransa biyu na cusa tumtum. Ciki duhu, haske daga ƙofa kawai. In na zuƙo har ƙarshe, a 55, gilashina ba ya buɗewa fiye da f/5.6, dole na kai ISO 3200 kafin in samu 1/60, hoton ya cika da tsaki, hannun Kawu kuma ya yi dishi-dishi don ba ya tsayawa. Filasha na gwada sau ɗaya na kashe: fata ta yi ƙyalli, rumfar ta koma wani wuri da ban sani ba.

Farin kwali da na jingina gefensa ya mayar da hasken ƙofa kan fuskarsa, ya taimaka ƙwarai, kuma kyauta ne.

Jar fata ma da tata rigimar. A allo tana fitowa jawur, amma zanen da aka buga a jikinta ya narke. Jadawalin haske na launi uku ya nuna ja ya cika ya tumbatsa tun sauran biyun ba su kai ko'ina ba. Na rage haske kaɗan, na sauya salon launi zuwa Neutral, zane ya dawo.

Juma'a, 17 ga Janairu

Bayan masallaci na bi ta Hubbaren Shehu da kyamara a jaka. Masu ziyara daga nesa, har da na Nijar, kowa da abin da ya kawo shi wurin wanda ya rasu tun 1817. Ban buɗe jakar ba, kuma ban ji na yi asara ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Na sayar da tunkiyar da nake kiwo. Gilashi mai 50, f/1.8, na hannu daga Kano: naira 115,000, kuɗin mota 4,000. Hasken da yake sha ya kusa ninka na tsohon sau goma. A rumfar Kawu, wuri ɗaya lokaci ɗaya, f/2 ya ba ni 1/125 a ISO 800. Basilla na shiga fata, zare a haƙorinsa, bayansa ya narke.

Ba ya zuƙowa, ƙafa ce ke matsawa, kuma a wannan kyamara yana gani ne kamar mai 80, don haka a ƙaramar rumfa sai na fita waje kafin mutum ya shiga duka. A f/1.8 in saiti ya sauka kan hanci ido ya tafi. Na zaɓi ɗigon saiti na tsakiya, ina ɗora shi kan idon da ya fi kusa.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Majema. Hasken bai kai na Disamba ba, amma sun saba da ni, ba mai ɗago kai. Na ɗauka kaɗan, na zauna da yawa. Ina isa gida na kwafe su a kwamfuta da filas kafin in cire takalmi. Duka sun buɗe.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Wankin gwaji, naira 1,500. Sun fito da duhu fiye da yadda na gani, saboda allo haske yake fitarwa, takarda kuwa sai wanda ya faɗo mata. Na rage hasken allona, na ɗaga na hotunan. Mai wankin ya so ya yi 8×10, wanda zai yanke gefe, ya cinye wuƙar mai kankara. Hoton wannan kyamara uku-bisa-biyu ne, 4×6 da 8×12 ne ke ɗaukarsa ba yanka. Na kuma roƙe shi ya kashe gyaran da injinsa ke yi da kansa, don yana hasken fuska. Ƙanana 30 a kan naira 300, manya 4 a kan 2,000.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na kai hotuna majema cikin ambulan, kowa da nasa. Aiki ya tsaya. Sai da suka wanke hannu suka goge a riga kafin su karɓa. Saurayin nan mai yarfe fata ya ce zai kai wa mahaifiyarsa, don ba ta taɓa ganin inda yake yini ba. Babbansu ya daɗe yana duban nasa babba, sannan ya ce: "Wanga hannun babana na. Haka nashi yake." Ya ce a ƙara masa ɗaya saboda ɗansa da ke Legas.

Ɗaya daga cikin biyun da suka ƙi tun farko ya ja ni gefe ya ce in ɗauki hannunsa da wuƙarsa, ban da fuska. Na yi haka, kuma yana cikin mafi kyawun abin da na samu. Na bi su ɗaya-ɗaya na tambayi wanda ya yarda a nuna nasa a waje, na rubuta. Bakwai sun yarda, sauran nasu ya tsaya a gidajensu.

Na Kawu yana rataye a rumfa, sama da inda yake ajiye zare.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Lissafi zuwa yau, ban da kuɗin kabu-kabu: naira 454,500, har da 6,500 na memorin jabu.

Ana sa ran azumi farkon Maris, zafi kuma ya fara. Littafin kyamarar ya ce iyakarta digiri 40, Sakkwato kuwa tana wuce haka a Maris da Afrilu, don haka fita sai daga fitowar rana zuwa tara, kuma ba barinta cikin but ɗin babur. Sanda mai ƙafa uku za ta jira bayan sallah. Abin da ke gaba shi ne ma'ajiyar hotuna ta waje, don kwamfutar ta kusa cika. Zan kuma rubuta takarda zuwa gidan tarihi na Waziri Junaidu in nemi izinin ɗaukar tsofaffin kayan fata in suna da su a ajiye, in gwada su da ɗinkin yau.

Akwai giɓi a tsakiyar aikin: ina da dabba a Kara, ina da fata a majema, ba ni da fiɗa da masu sayen ɗanyar fata suna zuba mata gishiri. Kwata ba wurin da ake faɗawa da kyamara ba ne haka kawai. Kawu ya ce zai kai ni gaida Sarkin Fawa ranar Laraba bayan la'asar, in tafi da hotunan majema guda biyar cikin waɗanda masu su suka yarda a nuna.